Daga Dala Zuwa Bakin Teku: Tambayoyi da Amsoshi Kan Tudu, Kwari da Duwatsun Nijeriya

Waɗannan tambayoyi na tara su ne daga ɗaliban da nake koya wa labarin ƙasa a nan cikin birnin Kano, da direbobin da ke zirga-zirga tsakanin Kano da kudu, da kuma 'yan'uwa masu neman fuloti da kan tare ni bayan sallar magariba su ce "Malam, wai wurin nan ruwa ba ya kwanciya?" Na fara da masu sauƙi, sannan na shiga masu ɗan nauyi.

Idan aka ce gari yana da tsayin mita kaza, daga ina ake fara awon?

Daga saman ruwan teku. Dalili kuwa shi ne tekunan duniya a haɗe suke, don haka samansu ya zama ma'aunin da kowa ya yarda da shi. Teku tana cika tana janyewa kullum, saboda haka matsakaicinta ake ɗauka, a ce nan ne sifiri. Duk adadin da ka gani a taswira ko a littafin makaranta daga wannan sifirin ya taso.

Tsoffin taswirori da ƙafa suke ƙirga, sababbi da mita. Mita ɗaya ta ɗan haura ƙafa uku, wato ƙafa 3.28. Idan ka ga adadi biyu sun sha bamban sosai a kan dutse ɗaya, fara duba ko ɗaya ƙafa ne ɗaya mita kafin ka ce wani ya yi ƙarya.

To Kano fa, a tudu take ko a kwari?

A tudu take, ko da yake ido ba ya nuna haka. Birnin Kano yana kan wajen mita 480 daga saman teku. Wanda ya tsaya a Ƙofar Mata ya fi wanda ke tsaye a bakin ruwan Legas tudu da kusan rabin kilomita. Abin da ya sa ba ma jin haka shi ne duk ƙasar da ke kewaye da mu ta ɗaga tare. Shimfiɗaɗɗen fili ne mai faɗin gaske wanda masana ke kira tudun ƙasar Hausa, ya kwashe Kano, Katsina, Zariya har Kaduna.

A cikin wannan filin ma ba mu ne kan gaba ba. Zariya ta fi mu, tana sama da mita 600, haka ma Kaduna tana wajen 600. Sakkwato da Maiduguri kuwa suna ƙasa da mu, dukansu a kusa da mita 300. Saboda haka wanda ya bar Kano ya nufi Zariya hawa yake yi, wanda ya nufi Haɗeja ko Maiduguri gangara yake yi, komai santsin kwalta.

An ce Dutsen Dala mita 534 ne. Gaskiya ne?

Gaskiya ne, amma ba yadda mutane suka ɗauka ba. Wannan ce tambayar da na fi shan gardama a kanta. Mita 534 ɗin daga saman teku aka auna, ba daga gindin dutsen ba. Tunda unguwannin da ke kewaye da shi sun riga sun kai wajen 480, abin da Dala ya ɗara su da shi bai wuce mita 50 da 'yan kai ba. Hankali ma zai gaya maka: yara suna hawansa da gudu cikin 'yan mintoci, su sauko ba su ko nemi ruwa ba. Dutsen da ya tashi rabin kilomita daga ƙasa ba a yi masa haka.

Wannan bai rage wa Dala komai ba. A fili irin namu, mita 50 ta isa mutum ya hango gari kaf da duk mai tahowa daga nesa, kuma wannan na cikin abin da ya zaunar da mutane a gindinsa tun kafin zuwan Bagauda. Ɗaya dalilin yana cikin jikin dutsen: marmara ce mai ɗauke da tama, irin wadda maƙeran farko suke narkarwa su fitar da ƙarfe. Labarin Abagayawa, maƙeran da aka ce daga Gaya suka zo neman tama, a kan wannan ya ginu. Haka labarin Barbushe da Tsumburbura, duk a kan dutsen nan yake.

Irin wannan ruɗani yana faruwa da Dutsen Zuma da ke kusa da Suleja, wanda hotonsa ke jikin tsohuwar takardar naira 100. Ana cewa mita 725, amma abin da ya tashi daga filin da ke gindinsa wajen mita 300 ne. Ko a haka ya ninka Dala sau biyar ko shida.

Me ya sa duwatsunmu suke tsaye ɗaiɗai, ba su jeru kamar na wasu ƙasashe ba?

Domin ragowa ne. Ƙasar Hausa tsohuwar ƙasa ce ƙwarai, ruwa da iska sun ɗauki miliyoyin shekaru suna cinye ta, suna kwashe mai taushi suna barin mai tauri. Abin da ya gagare su shi ne ya rage a tsaye. Iri biyu ne a kusa da mu. Akwai masu hular marmara da kai a baje, irin Dala da Gwauron Dutse. Akwai kuma ƙaƙƙarfan dutse mai sulɓi da manyan curi a ɗore kan juna, irin na Fanisau, Rano, Dutse da Birnin Kudu, da Kufena a Zariya. Wannan na biyun shi ake fasawa a yi tsakuwar gini.

Duwatsun da suka jeru da tsawo, ƙasa ce ta tattare ko ta tsage ta tura su sama. Irinsu a Nijeriya sai iyakarmu da Kamaru, kamar yadda za a gani a amsar wurin da ya fi tsayi.

Ina ne ya fi tudu a Jihar Kano?

Can kudu, wajen Riruwai a Ƙaramar Hukumar Doguwa, inda duwatsu suka haura mita 1,000. Wanda bai taɓa zuwa ba zai yi mamaki a ce masa har yanzu a Jihar Kano yake. Daga Tudun Wada, in ka ratsa dajin Falgore, za ka ga ƙasa ta fara tashi tana faɗuwa, itatuwa sun yi kauri, ruwan sama ya fi na birni yawa. Wannan shi ne gindin tsaunukan Jos, wato matakalar da ke tsakanin shimfiɗaɗɗen fili da ainihin tsauni. Duwatsun Riruwai 'yan gida ɗaya ne da na Jos, shi ya sa aka haƙi kuza da sauran ma'adinai a can ma.

Jihar gaba ɗaya ta karkata ne daga kudu maso yamma zuwa arewa maso gabas. Riƙe wannan, domin shi ne mabuɗin tambaya ta gaba.

Ruwan saman da ke sauka a Kano, ina yake tafiya? Teku?

A'a. Wannan ita ce amsar da ɗalibai suka fi buɗe baki idan sun ji ta. Ruwan Kano ba ya zuwa teku ko kaɗan, gabas yake nufa, wajen Tafkin Chadi. Kogin Kano ya taso daga waɗancan duwatsu na kudu, aka tare shi a madatsar Tiga da aka kammala a 1974. Kogin Challawa ya biyo ta yamma, shi ma aka tare shi a Ƙaraye a 1992. Su biyun sun haɗu a wajen Tamburawa, suka wuce ta Wudil, suka zama Kogin Haɗeja. Daga nan sai fadamun Haɗeja da Nguru, sai Kogin Yobe, sai tafkin. Jakara da ta ratsa tsakiyar birni ma arewa maso gabas ta nufa, ta zube a madatsar Wasai.

Amma ka je Zariya, tafiyar da ba ta wuce awa biyu ba in hanya ta yi kyau. Ruwan da ya sauka can Kogin Galma yake shiga, ya faɗa Kogin Kaduna, ya faɗa Neja, ya ƙare a Tekun Atilantika. Wajen Funtuwa kuma Gulbin Sakkwato ne ya taso, ya yi yamma ya zagaya kafin ya sami Neja. Ke nan tsakaninmu da maƙwabtan nan akwai wani doron ƙasa da ke raba ruwa, wanda muke hayewa a mota ba mu ma sani ba.

Karkatar nan ce kuma ta sa noman rani ya yiwu a Kadawa, Kura, Bunkure da Garun Malam. Tiga ta fi gonakin tudu, don haka ruwa da ƙafarsa yake bin babbar hanyar da aka gina masa, ba sai an tura shi da inji ba. Shinkafa da tumatirin da ke cika kasuwanninmu, gangaren ƙasa na da hannu a cikinsu.

In haka ne, me ya sa ambaliya ta fi addabar Jigawa fiye da mu?

Saboda gangaren ya yi laushi da yawa. Tafkin Chadi yana wajen mita 280. Daga Kano zuwa can tafiya ce ta fiye da kilomita 500, amma duk saukar da ƙasa ta yi wajen mita 200 ce kacal, ko rabin mita ba ta kai ba a kowace kilomita. Ruwa a irin wannan wuri ba ya gudu, bazuwa yake yi. Da kogin ya shiga ƙasar rairayi ta Ringim, Auyo da Haɗeja sai ya rarrabu, ya cika fadamu, kacalla kuma ta toshe hanyoyinsa. Mafi yawansa a nan yake ƙarewa, rana ta sha, ƙasa ta sha, kaɗan ne ke isa tafkin.

Ambaliyar cikin birnin Kano kuwa wani ciwo ne daban, kuma namu ne. Dubi amsar da ta shafi sayen fuloti.

Ina ne wurin da ya fi ko'ina tsayi a Nijeriya?

Chappal Waddi, wanda ake kira Gangirwal, a Jihar Taraba kan iyakar Kamaru, cikin gandun dajin Gashaka-Gumti. Tsayinsa mita 2,419. Mutane da yawa suna zaton Jos ce, amma duwatsun Shere da suka fi tsayi a can mita 1,829 ne, garin Jos kansa kuma wajen 1,200.

Manyan tsaunukanmu gabas suka taru. Daga arewa akwai duwatsun Mandara wajen Gwoza da Madagali, inda Sukur take, wadda UNESCO ta sanya cikin wuraren tarihi na duniya a 1999. Sai duwatsun Alantika da na Shebshi, inda Dimlang ya kai mita 2,042. Sai tsaunin Mambila, wanda matsakaicinsa wajen mita 1,600 ne, sai Obudu can kudu a Kuros Riba. In aka tsallaka iyaka, Dutsen Kamaru ya haura mita 4,000, kuma har yanzu yana aman wuta lokaci-lokaci. Kilimanjaro na Tanzaniya, wanda ya fi kowane a Afirka, mita 5,895 ne. Mu dai a wannan fagen ba mu cikin manya.

Me ya sa Jos da Mambila suke da sanyi alhali sun fi mu kusa da kudu?

Iska tana ƙara sanyi gwargwadon yadda aka ƙara hawa, kimanin digiri 6.5 a ma'aunin salshiyos a kowace mita 1,000. Jos ta ɗara Kano da fiye da mita 700, ka ga wajen digiri biyar ke nan tun kafin a sa lissafin gajimare da ruwan sama. Tsauni kuma yana tare iskar damina mai ɗauke da laima, ya tilasta mata hawa, ta huce, ta zubar da ruwa. Shi ya sa Jos take samun ruwa fiye da mu nesa ba kusa ba, kuma koguna da yawa suka taso daga can: Kaduna, Gongola, da rassan da ke ciyar da Jama'are.

Amfanin wannan sanyi a kasuwar 'Yankaba ma ana ganinsa. Dankalin Turawa daga Filato yake zuwa. A Mambila ana noman ganyen shayi a Kakara, ga fiya, ga shanu jibga-jibga, domin ƙudan tsando ba ya son sanyin tudu, ciyawa kuma ba ta yankewa da wuri.

Kada a haɗa wannan da sanyin hunturunmu. Namu ba na tudu ba ne. Busasshiyar iska ce daga hamada, da sararin da babu laimar da za ta riƙe ɗumin rana da dare. Shi ya sa da bazara ta shigo sai ya zama kamar ba a taɓa yi ba, alhali mutumin Gembu yana neman bargo kusan duk shekara. Haka kuma zafin Yola, wadda ke kwance cikin kwarin Binuwai ƙasa da mita 200, tudun da ta rasa na cikin dalilansa.

Daga Kano zuwa Legas, gangara ake yi kai tsaye?

Ba kai tsaye ba. Tsoffin direbobin tirela sun fi kowa sanin wannan, ko da ba su san adadin ba. Za ka fara da hawa zuwa Zariya, ka yi tafiya a kan tudu har Kaduna. Daga nan ƙasa ta fara sauka zuwa kwarin Neja. In ta Mokwa da Jebba ka bi, za ka tsallaka kogin a wurin da bai fi mita 100 da wani abu ba. In ta Abuja ka bi, za ka sauka Lakwaja, mahaɗar Neja da Binuwai, wadda ke ƙasa da mita 100 duk da nisanta da teku. Wannan ƙasƙancin ne ya sa ruwa ya yanke hanyar a ambaliyar 2012 da ta 2022, motoci suka yi kwanaki a tsaye.

Bayan kogin sai a sake hawa. Ilori tana wajen mita 300, Okene cike take da duwatsu, ƙasar Yarbawa ta tsakiya tudu ce mai curarrun duwatsu irin na Idanre. Daga Badun, wadda ke wajen mita 200, sai sauka ta ƙarshe a hankali zuwa Shagamu da Legas. Wato hawa biyu da sauka biyu ne. Titin jirgin ƙasa da ya iso Kano a 1911 ma da kwarin nan ya fara kokawa: daga Baro a bakin Neja aka fara shimfiɗo shi, domin a lokacin ta ruwa kaya suke isowa can.

Yaya ƙasar bakin teku take? Me ya bambanta ta da fadamarmu?

Gaɓar tekun Nijeriya kilomita 853 ce, kuma kusan dukkanta ƙasa ce kwance, babu dutse. Wajen Legas jerin tsibiran yashi ne, teku a gaba, tafki a baya. Tsibirin Legas, Victoria Island da Lekki 'yan mitoci kaɗan suka ɗara ruwa. Sai ka yi cikin ƙasa wajen Ikeja da Agege sannan ka sami abin da za a kira tudu, shi ma na 'yan gomomin mita. Shi ya sa birnin ya dogara da gadoji, har da babbar gadar nan ta uku mai kilomita 11.8 da aka buɗe a 1990, kuma shi ya sa ake cike ruwa da yashi don a sami filin gini.

Gabas da nan sai yankin Neja Dalta, inda kogin ya rabu gida biyu, Forcados da Nun, sannan ya tarwatse zuwa ɗaruruwan ƙoramu cikin laka da itatuwan da ke tsiro a ruwan gishiri. Ƙasar ma kogin ne ya gina ta da taɓon da ya kwaso daga arewa. Bambancinta da fadamarmu shi ne tamu tana bushewa da rani a shiga a yi lambu, tasu kuwa teku ce ke shigowa tana fita sau biyu a rana. A wurare da yawa kwalekwale ne motar. Kafin a ɗora bene sai an kafa turaku masu zurfi cikin ƙasa, abin da maginin Kano, da ke samun ƙasa mai tauri da ya ɗan haƙa, ba ya ma sa shi a lissafi.

Zan sayi fuloti a Kano. Ta yaya zan gane tudu ne ko hanyar ruwa?

Alhaji, abu na farko kada ka je duba fili da rani kaɗai. A watan Maris ko'ina tudu ne. Ka koma cikin Agusta, washegarin ruwa mai ƙarfi, ka ga inda ya kwanta da inda ya bi. In dillali ya ce sauri ake yi, wani zai riga ka, to ka bar wa wanin.

Na biyu, saurari sunan wurin. Kakanninmu sun riga sun yi mana taswira da baki: Tudun Wada, Tudun Maliki, Tudun Murtala, Tudun Yola a gefe guda, Kwarin Gogau da Kantin Kwari a ɗaya gefen. Duk inda ka ji kwari, fadama, tafki ko rafi a suna, ka tambayi dattawan unguwa abin da ke wurin shekara talatin baya. Sunan tudu ma ba ya wanke kowane lungu, domin unguwa ɗaya tana da nata gangaren.

Na uku shi ne kududdufi. Tsohon birni cike yake da su, ramukan da aka haƙi ƙasar gini ne, kuma su ne ke shanye ruwan damina. Da aka bi su ana cikewa da shara ana yankawa, ruwan bai fasa zuwa ba, sai dai yanzu ɗakunan mutane yake samu. Ginin da aka ɗora kan cikon bola yana iya nitsewa ya tsage. A ra'ayina yawancin abin da muke kira ambaliya a birnin nan ba daga yanayin ƙasa yake ba, daga cike kududdufai da toshe magudanai yake. In ka riga ka saya, ka ɗaga fandisho ya fi titin da za a yi nan gaba, ba titin da kake gani yau ba, don kwalta kullum ɗagowa take yi.

Maƙwabcina ya haƙa rijiyar burtsatse ya sami ruwa, ni na haƙa ban samu ba. Tudu ne ya jawo?

Ba lallai ba ne. A ƙarƙashin mafi yawan birnin Kano tsohon dutse ne mai tauri, irin wanda aka yi bayani a amsar duwatsu ɗaiɗai. Ruwa ba ya zama cikinsa sai a tsagogi da kuma ruɓaɓɓen saman dutsen. Wanda ya dace da tsaga ya samu, wanda ya kauce da 'yan taku ya tarar da zallar dutse. Don haka kuɗin masu awon ƙasa kafin haƙa ba asara ba ne. Can gabas wajen Gumel da Haɗeja kuwa rairayi ne mai kauri da ya taru cikin kwarin Chadi, ruwa a shimfiɗe yake a ƙarƙashi, samunsa ya fi sauƙi.

Inda tudu ke shigowa shi ne ruwan famfo. Ana tura shi daga Challawa da Tamburawa zuwa manyan tankuna a kan tudu irin Gwauron Dutse da Magwan, daga nan ya gangaro da nauyinsa. In ƙarfinsa ya ragu, gidajen da ke kan tudu ne farkon rasawa.

Hawa tsauni yana da illa ga lafiya ko ga mota?

Ciwon tudu, mai zuwa da ciwon kai, jiri da haki, yawanci sai an haura mita 2,500 yake kama mutane, kuma babu garin da ya kai haka a Nijeriya. A Jos ko Gembu abin da za ka fi ji shi ne saurin gajiya a kwanakin farko in kana aikin ƙarfi. Adis Ababa, inda matafiyanmu da yawa kan sauya jirgi, ta haura mita 2,300, shi ya sa wasu ke jin numfashinsu ya ɗan yi sama. Mai ciwon zuciya ko na huhu ya shawarci likita kafin irin wannan tafiya. Uwargida kuma za ta lura wake ya fi daɗewa kan wuta a Mambila, domin ruwa yana tafasa tun bai kai zafin da yake kaiwa a ƙasa ba, ana rasa kusan digiri ɗaya a kowace mita 300.

Mota ma tana jin ƙarancin iskar, ƙarfin inji yana ɗan raguwa a sama. Amma haɗarin gaske a saukowa yake. A wurare irin Hawan Kibo kan hanyar Jos zuwa Akwanga, ko hawan Mambila daga Mayo Selbe, direban da ya saba da miƙaƙƙen titin Kano zuwa Wudil yakan ɗora ƙafa kan birki tun daga sama, birkin ya yi zafi, ya ƙi kamawa a daidai kwanar da ake buƙatarsa. Ƙaramar giya ake sawa tun kafin a fara gangarowa, a bar inji ya riƙe motar.

Zan iya auna tsayin unguwarmu da waya?

Za ka iya, amma kada ka gina hukunci a kai. Wayoyin zamani suna karɓar saƙo daga tauraron ɗan'adam su ba ka adadi, sai dai sun fi iya gano inda kake a kwance fiye da yadda ka ɗaga. Kuskuren mita goma ko ashirin ba abin mamaki ba ne. Don kwatanta Kano da Jos wannan ba komai, amma don sanin ko ruwa zai shiga gidanka, inda rabin mita ke raba mai barci da mai kwalfa, ba ta da amfani. Nan sai safiyo da na'urarsa, ko tiyon ruwa mai haske irin wanda magina ke daidaita gini da shi. Idan taswira mai layukan tudu ta shigo hannunka, karanta ta haka: kowane layi yana haɗa wuraren da tsayinsu ɗaya, inda layukan suka matsu hawa ne mai tsanani, inda suka yi nesa da juna fili ne. A taswirar birnin Kano za ka ga sun warwatsu, sai a Dala da Gwauron Dutse suka dunƙule kamar zobba.